Ciwon Ƙugun Wani Direban Adaidaita Sahu: Nazarin Lamari Na Wata Goma Sha Biyu

Mutumin da irin aikinsa

Magidanci ne ɗan shekara 41, mazaunin Kano, da mace ɗaya da 'ya'ya biyar. Shekararsa tara yana tuƙa Adaidaita Sahu. Babur ɗin ba nasa ba ne, kullum dare sai ya kai wa mai shi balas, abin da ya ragu shi ne kuɗin cefane. Yakan fita da misalin ƙarfe 6:30 na safe ya dawo wajen ƙarfe 9 na dare, ba ya sauka sai don salla, cin abinci ko shan mai. Tsayinsa santimita 172, nauyinsa kilo 84, yawancin ƙibar a tumbi take. Yana shan taba kara biyar zuwa shida a rana. Ba shi da ciwon suga ko sikila, kuma bai taɓa yin haɗarin da ya taɓa masa baya ba.

Abu biyu a cikin aikinsa suka shafi wannan bayani. Na farko kujerar babur ɗin. Soson ya daɗe da mutuwa, ta lotsa ta baya, gwiwoyinsa sun fi ƙugunsa tudu, babu majingina, don haka a ranƙwafe yake yini yana shan jijjiga da faɗawa ramuka. Na biyu lodi. Idan ya samu ɗaukar kaya daga kasuwar Singa ko Dawanau, da kansa yake lodawa don kuɗin ɗan dako ya shiga aljihunsa.

Shekara uku kafin lamarin yana jin nauyi da tsami a ƙugu kowace yamma, idan ya kwana ya tashi sai ya wartsake. Gajiya yake kiran abin.

Sai an san ginin wurin za a gane abin da ya biyo baya. Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere: bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a ƙugu, sai na ƙasa da suka haɗe suka zama ƙashi ɗaya mai faɗi. Likitoci suna ƙirga na ƙugu daga sama, L1 zuwa L5, gaɓar farko ta ƙashin ƙasan kuma S1. Tsakanin kowace gaɓa da mai bi mata akwai faifan guringuntsi mai tare nauyi da jijjiga. Gininsa kamar albasa yake, zobba masu tauri a zagaye, tsakiyar kuma mai laushi da ruwa-ruwa. Dab da bayan faifan ne jijiyoyin da suka taso daga laka suke bi su gangara ƙafafu. Faifai biyu na ƙarshe, na L4-L5 da na L5-S1, sun fi kowanne ɗaukar nauyi da lanƙwasa, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɓullowar faifai a ƙugu a wajensu take faruwa.

Rana ta 1 zuwa ta 3

Cikin watan Nuwamba ne, da sanyin safiya, bai kai awa biyu da tashi daga barci ba. Yana loda buhunan shinkafa masu kilo 50. Buhu na huɗu yana tsallaken kwata, sai ya sunkuya gwiwoyinsa a miƙe, ya miƙa hannu ya cicciɓo shi, ya murɗa jiki hagu don ya jefa shi cikin babur ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Nan take wani abu ya soke shi a ƙasan ƙugu, ɓangaren hagu. Ya ɗan tsaya, ya ƙarasa lodin, ya yi aikinsa har dare.

Washegari ya kasa miƙewa. Jikinsa ya karkace dama, naman gefen ƙashin baya ya ɗaure tamau, tari da atishawa suna tsinka masa ƙugu. Sa takalmi da ruku'u suka gagara. A wannan lokacin ciwon a ƙugu da saman ɗuwawun hagu kawai yake.

Abubuwa huɗu suka haɗu a wannan ɗagawa. Faifai yana tsotsar ruwa cikin dare, shi ya sa mutum ya fi tsayi da safe, kuma a lokacin yana cike, zobbansa sun fi takura idan an sunkuya. Sunkuyo yana matse gaban faifan ya tura laushin tsakiya baya, wajen da zobban suka fi sirantaka kuma jijiya take kusa. Murɗawa tana ƙara jan zobban. Sannan nisan kaya da jiki yana ninka nauyinsa a ƙugu. A 1999 wasu masu bincike a Jamus sun sa ma'auni cikin faifan L4-L5 na wani mutum mai lafiya. Da ya ɗaga kilo 20 a sunkuye, matsin ya haura ninki huɗu na wanda aka auna yana tsaye, da ya riƙe kayan manne da jikinsa kuwa bai kai rabin wancan ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da yawancin ma'aikata za su riƙa ɗagawa, shi ma idan kayan yana kusa da jiki kuma babu murɗawa. Buhun shinkafa ya ninka wannan har da ɗori.

Mako na 1 zuwa na 4: maganin basir, kemis da kwanciya

Abokan aikinsa da suka zo dubiya baki ya zo ɗaya: basir ne, zaman babur ke kawo shi. Aka sayo masa jarkar jiƙo daga masu tallar magani da lasifika, yana shan kofi ɗaya safe da yamma. Jiƙon ya sa shi gudawa sau huɗu zuwa biyar a rana har tsawon kwana shida. Aka ce dattin ne yake fita. Kowane zagaye kuwa tsugunno ne da yunƙuri, kuma kowane tashi daga tsugunnon sai an kama shi. Ciwon bai ragu ba.

A kwana na takwas ya je kemis. Aka yi masa allura biyu, aka ƙulla masa haɗin ƙwayoyi a leda ba suna. Daga baya da aka duba ragowar, an samu diklofenak mai miligiram 100 da yake sha sau biyu a rana, da ibufurofen, dukansu magungunan rage ciwo, da deksametazon mai danne kumburi. Iyakar diklofenak ga babba a rana miligiram 150 ce, kuma ba a haɗa shi da ibufurofen domin dangi ɗaya ne, haɗa su illa yake ninkawa. Wani abokinsa ya ƙara masa da tiramadol don ya samu barci. Ƙwayoyin suna danne ciwon na awa biyar ko shida, sai ya dawo.

Tun daga kwana na goma ya ajiye aiki ya kwanta a tabarma, bisa shawarar cewa baya hutu yake so. Kwana 12 ya yi ba ya tashi sai don bayan gida da alwala. Ya sayi ɗamarar baya mai faɗi yana ɗaure da ita dare da rana. Da ya tashi daga kwanciyar, bayan ya ƙara sandarewa, ƙafafunsa sun yi sanyi, ga ciki ya ɗaure saboda tiramadol da rashin motsi, sai ya yi nishi sosai kafin bayan gida ya fito. Mai babur ya ba wani direban makulli.

Mako na 5 zuwa na 8: ciwon ya gangara ƙafa

A mako na biyar ciwon ya sauya kama. Na ƙugun ya ɗan lafa, wani sabo ya taso daga ɗuwawun hagu ya bi bayan cinya da sha-raɓa har gefen ƙafa na waje da ƙaramin yatsa. Ya ce zafin harbawa yake yi, wani lokaci ƙuna. Zaman minti goma ya gagare shi. Tafiya a hankali ta fi masa zama sauƙi, amma yana ɗingishi.

Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙugu da cinya sau biyu. Ya ji sakayau na kwana ɗaya kowane karo. Wani mai ɗori ya kwantar da shi ya danna masa baya da gwiwa don ya mayar da ƙashin da ya ce ya goce. Daren ranar bai runtsa ba, kuma daga nan gefen ƙafar ya fara mutuwa, ba ya jin taɓi sosai a wurin.

A mako na bakwai ya je wani ƙaramin asibitin kuɗi aka ɗauki hoton ƙashi. Sakamakon ya nuna tazarar da ke tsakanin L5 da S1 ta ragu, da 'yan tsiron ƙashi a gefen gaɓoɓi biyu. Wanda ya karanta masa ya ce ƙashin bayansa ya cinye, ya guji sunkuyo da ɗaukar komai, in ba haka ba zai iya ƙarewa a keken guragu. Aka ƙara masa wasu allurai.

Wannan magana ta zauna masa a rai. Ya daina zuwa masallaci don tsoron a buge shi a sahu, ya daina ɗaukar ko buta cike da ruwa, barci ya ƙaurace masa. Matarsa ta sayar da akuyarta, ya ci bashi wurin yayansa. A ƙarshen mako na takwas ya fara jin ƙuna a ƙahon zuciya, musamman da dare, ga tashin zuciya.

Mako na 9: cikakken bincike

Ƙunar cikin ce ta kai shi babban asibiti. Likitan da ya gan shi ya saurari labarin tun daga buhun shinkafa, sannan ya tura shi sashen gashin ƙashi. Kafin a taɓa shi an yi kusan minti 20 ana tambayoyi, kuma kowace tambaya da cutar da take nema.

An tambaye shi zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, tari mai daɗewa, da ko wani a gidansu ya yi tarin fuka. Najeriya tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa a duniya, kuma takan kama ƙashin baya ta cinye shi a hankali har doro ya fito ko ƙafafu su shanye, alhali mai ita yana ta shan maganin ciwon jiki. An tambaye shi shan madarar da ba a tafasa ba da hulɗa da dabbobi, saboda wata cutar shanu da awaki da ita ma take kama ƙashin ƙugu. An tambaye shi zafin fitsari ko jini a cikinsa. Ciwon ƙoda yakan zauna a kwiɓi ƙarƙashin haƙarƙari, ya zagayo mara, kuma sunkuyo ko miƙewa ba sa sauya shi. An tambaye shi ko ciwon yana tashinsa da dare ko yaya ya kwanta, wanda ake ji wa tsoron ciwon daji, musamman ga wanda ya haura 50. An tambaye shi ko bayan yana sandarewa fiye da rabin awa kowace safiya tun yana saurayi, alamar sanyin gaɓoɓin baya mai kumburi. Daga ƙarshe aka yi tambayar da ta fi kowacce gaggawa: fitsari yana ƙin fita ko yana zuba bai sani ba, bayan gida yana kufce masa, fatar tsakanin cinyoyi da kewayen dubura ta mutu, ko ƙafafu biyu sun raunana tare? Duka ya ce a'a.

Sai gwajin jiki. Ya ba ciwon ƙafar maki 8 cikin 10, na ƙugun 4. Da aka kwantar da shi rigingine aka ɗaga ƙafar dama a miƙe, ta kai digiri 75 ba ciwo. Ta hagu tana kaiwa digiri 40 zafin ya harba har sha-raɓa, da aka lanƙwaso tafin ƙafar sama sai ya ƙaru. Da aka buga 'yar guduma a agara, ƙafar dama ta zabura, ta hagu da ƙyar ta motsa. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana ɗaga dunduniya: sau 20 a dama, sau 7 a hagu. Jin taɓi ya ragu a gefen ƙafa na waje da ƙaramin yatsa. Babban yatsa yana ɗaguwa da ƙarfinsa, tafiya a kan dunduniya ma lafiya. Sunkuyo yana tura ciwon ƙasa. Da ya kwanta rub da ciki na minti biyar ya ɗago a kan gwiwar hannu, sai zafin ya bar gefen ƙafar da yatsa ya tsaya a sha-raɓa.

Fitsari ya fito tsaf, aikin ƙoda daidai, gwajin kumburi a jini bai hau ba, suga daidai. Awon jini ya nuna 148/92. Duban dubura bai nuna basir ba.

Kowace jijiya da yankinta a ƙafa. Ta L5 ita ke ɗaga babban yatsa, ita ke da jin saman ƙafa. Ta S1 ita ke da agara, ɗaga dunduniya da gefen ƙafa na waje. Alamominsa duka na S1 ne ta hagu, wato faifan L5-S1 ya ɓullo ya taɓa jijiyar ya sa ta kumbura. Ba a tura shi hoton MRI ba, wato hoton da ke nuna faifai da jijiyoyi, domin babu alamar haɗari, raunin ƙafar ba ya ƙaruwa, kuma hoton ba zai sauya abin da za a yi a makonni shida masu zuwa ba.

Ya miƙa hoton ƙashin da ya zo da shi ya ce, "Likita, ƙashin nan nawa zai dawo kuwa?"

Aka ce masa, "Malam, ƙashinka bai je ko'ina ba. Sa'o'inka da yawa da ba sa jin ciwon komai, in aka ɗauke su hoto haka za a gani." Aka nuna masa siffar ƙashin baya ta roba, aka nuna masa faifan da jijiyar, aka gaya masa cewa irin wannan yakan warke ba tiyata.

Mako na 9 zuwa na 14: abin da aka yi

An fara da ƙwayoyi. An tsayar da diklofenak da ibufurofen, aka ba shi maganin ƙunar ciki omefirazol miligiram 20 kullum safe kafin karyawa na mako huɗu. Deksametazon da tiramadol an janye su a hankali, domin wanda ya yi makonni yana shansu ba a yanke masa lokaci ɗaya. An cire ɗamarar. Don cikin ya saki, aka sa shi yawan shan ruwa da cin ganye irin zogale da alayyahu, da gwanda. Idan ciwon ya motsa, ya naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul ya ɗora a ƙugu minti 15 zuwa 20.

Sai motsi. Tafiyar minti goma sau uku a rana a fili mai laushi, ana ƙara minti biyu bayan kowane kwana biyu. Kwanciya rub da ciki minti uku zuwa biyar, sannan ɗagowa a kan gwiwar hannu, bayan kwana huɗu kuma ya riƙa tura ƙirji sama da tafin hannu ƙugu yana ƙasa, sau goma duk bayan awa uku. An ba shi ƙa'ida ɗaya da zai riƙa auna kansa da ita: in ciwon yana janyewa daga ƙafa zuwa ƙugu ya ci gaba, ko da na ƙugun ya ɗan ƙaru, in kuwa yana ƙara gangarawa ƙasa ya tsaya. Wannan atisaye ba na kowa ba ne. Dattijon da hanyar jijiyoyinsa ta tsuke saboda shekaru, banƙarewa ƙara masa ciwo take yi, shi sunkuyo ne yake ba shi sauƙi. An zaɓa wa wannan mutum shi ne saboda abin da gwajin ranar farko ya nuna.

Zama kada ya wuce minti 20 a jere, a kan kujera mai tauri, da naɗaɗɗen tawul a lungun ƙugu. Tashi daga shimfiɗa ta gefe, ya sauke ƙafafu ya tura jiki da hannu. Ban da sunkuyo mai zurfi a awar farko bayan tashi daga barci. Salla kuwa ya tsaya inda zai iya, ya zauna a kujera inda ba zai iya ba, kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa wa marar lafiya, kuma ya koma jam'i.

A mako na 11 ciwon ya bar sha-raɓa ya tsaya a bayan cinya, maki 4. Aka ƙara atisayen ƙarfi kwana uku a mako: kwanciya rigingine gwiwa a lanƙwashe a ɗaga ƙugu sama, sau goma zagaye uku, tsayuwar rarrafe a miƙe hannu ɗaya da ƙafar ɗaya ɓangaren na daƙiƙa biyar, zama da tashi daga kujera ba dafawa, ɗaga dunduniya a jikin bango.

A mako na 12 aka samu koma-baya. Masu bashi sun matsa, wani abokinsa ya ba shi aron babur, ya yi kwana biyu yana tuƙi awa 13 kowace rana a kan kujera irin tasa ta dā. Ciwon ya koma sha-raɓa, maki 6. Ya dawo asibiti a firgice. Aka sake gwada ƙarfin ƙafa da jin taɓi, ba abin da ya ragu. Tunda cikin ya lafa kuma ƙoda lafiya, aka ba shi ibufurofen miligiram 400 sau uku a rana bayan cin abinci na kwana biyar kacal, tare da omefirazol. Aka mayar da shi atisayen farko. Cikin kwana tara ya dawo inda yake.

Mako na 15 zuwa wata na 12: komawa aiki

Ya samu wani babur ɗin. Kafin ya hau, mai kushin ya sake kujerar da soso mai tauri, ya ɗaga bayanta har ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu, mai walda ya sa 'yar majingina. Aka canja shokozoba ta baya da ta mutu. Ya fara da awa uku da safe da uku da yamma, ana ƙara awa ɗaya kowane mako. Duk bayan kamar minti 45, in ya sauke fasinja, sai ya sauko ya dafa ƙugu ya banƙare baya sau biyar zuwa goma.

An koya masa ɗaukar kaya daga kilo biyar, ana ƙarawa har jarkar ruwa mai lita 20: ya matso dab da kayan, ya buɗa ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa da ƙugu, ya rungume kayan, ya juya da ƙafafunsa. Buhu mai kilo 50 sai su biyu.

A wata na shida ciwon ƙafa ya tafi gaba ɗaya, na ƙugu maki 1 zuwa 2 da yamma. Ƙafar hagu tana ɗaguwa digiri 70, ɗaga dunduniya sau 18. Awon jini 128/82 ba tare da magani ba. Nauyinsa kilo 80. Zaburar agara ba ta dawo daidai ba, kuma ɗan wurin da ke gefen ƙaramin yatsa bai gama farfaɗowa ba. Duka biyun sukan daɗe haka, ba sa hana aiki.

A wata na tara ƙugun ya riƙe shi kwana huɗu bayan ya tura babur da ya mutu a cikin yashi. Bai kwanta ba, ya rage awannin tuƙi, ya yi atisayensa, ya wuce. A wata na 12 yana aiki cikakke.

Abin da lamarin ya nuna

Dalilin ciwon hawa uku ne. A ƙasa akwai shekara tara na zama a ranƙwafe cikin jijjiga, da taba wadda take rage jinin da ke kai abinci kusa da faifai, da tumbi, da naman baya da bai saba da wani aiki ba sai zama. A kan wannan aka ɗora ɗagawa guda ɗaya da ta haɗa nauyi, nisa, sunkuyo da murɗawa da sassafe. Hawa na uku, wanda ya fi cin lokaci da dukiya, shi ne makonni takwas na abin da aka yi bayan haka.

Maganin basir bai yi aiki ba domin babu basir. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, alamunsa jini, ƙaiƙayi, tsiro da zafi a wurin, ba ya gangarawa ƙaramin yatsa. Gudawar da nishin da suka biyo baya duk matsi suke ƙara wa faifai. Haɗin kemis ya danne zafi, ya bar masa ƙunar ciki da hawan jini da ɗaurewar ciki. Kwanciyar kwana 12 ta raunana naman da ya kamata ya tallafi bayan. Ƙaho ya ɗauke hankalin jiki daga ciwon na ɗan lokaci, bai isa inda jijiyar take ba. Danna baya da gwiwa a kan jijiyar da ta riga ta kumbura ganganci ne, kuma babu ƙashin da ya goce balle a mayar da shi. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa sun hana dogaro da ɗamarar baya da magunguna dangin tiramadol, sun ƙarfafa wayar da kai da atisaye.

Hoton ƙashin gaskiya ya nuna, fassararsa ce ta yi ɓarna. Irin wannan hoto ba ya nuna faifai ko jijiya. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan MRI da makamantansu na mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan ya samu alamun tsufan faifai a kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, kashi 68 na 'yan shekara 40, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Gaya wa ɗan shekara 41 cewa ƙashinsa ya cinye saboda wannan, kalma ce da ta hana shi motsi, barci da masallaci, kuma dukansu suna ƙara wa ciwo ƙarfi. A ganinmu wannan jimla ɗaya ta cutar da shi fiye da jiƙon da ya sha.

Ba daidai ba ne a ba atisaye dukan yabon warkewar. Jiki da kansa yake cinye abin da ya ɓullo daga faifai, kuma nazarce-nazarcen da suka bi irin waɗannan marasa lafiya da hoto sun nuna hakan yana faruwa ga kusan biyu cikin uku. Wani gwaji da aka yi a Holan aka buga a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin rabuwa da ciwon ƙafa, amma bayan shekara ɗaya sun yi kunnen doki da waɗanda aka bi a hankali. Abin da kulawar mako na tara ta yi shi ne ta tabbatar babu cuta mai haɗari, ta cire abubuwan da suke hana warkewa, ta mayar masa da ƙarfin jiki da na zuciya, ta gyara kujerar da yake komawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari ba a iya nuna gaɓa ɗaya a ce ita ce sanadi, yawancinsu sukan samu sauƙi cikin makonni kaɗan in sun ci gaba da motsi. Wannan mutum yana cikin 'yan kaɗan ɗin da alamominsu suka nuna jijiya guda ƙarara, kuma tambaya da gwajin hannu ne suka gano ta.

Akwai abin da bai gyaru ba. Har yanzu yana shan taba kara biyu a rana, kuma balas ɗin kullum yana nan, wanda shi ne ya kai shi ga tuƙin awa 13 a mako na 12, zai iya sake kai shi. An sallame shi da sharaɗin ya dawo a ranar, ba tare da ya biya ta kemis ba, idan fitsari ya riƙe ko ya kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta fara jan ƙasa. Kowanne daga cikin waɗannan yana buƙatar hoton MRI da ganin likitan tiyata cikin gaggawa, domin jijiyoyin mafitsara da dubura in suka daɗe a matse ba lallai su farfaɗo ba. Idan kuma ciwon ƙafa ya dawo ya haura mako shida zuwa takwas ba sauƙi duk da atisaye, za a yi hoton a zauna da shi a kan maganar tiyata.